Jaz a fadar Dracula: tambayoyi da amsoshi kan kiɗan tsofaffin wasannin gotik

Wannan shafi na masu sauraron kiɗan wasannin bidiyo ne da masu son haɗa irinsa. Mun fi tsayawa a kan jerin Castlevania na kamfanin Konami, daga 1986 zuwa 1997, domin a nan ne maganar ta fi nama. Wasannin kwamfuta na Amurka za su shigo daga baya a shafin.

Waɗanne wasanni ake kira na gotik?

Waɗanda aka gina a kan tsohuwar fada, maƙabarta, coci da ya rushe, dare da masu shan jini. Salon ya samo asali daga gine-ginen Turai na tsakiyar zamani da labaran ban tsoro da aka rubuta a kansu, irin labarin Dracula na Bram Stoker da ya fito a 1897. Kiɗan da kunne ya saba haɗawa da wannan duniya shi ne ogan ɗin coci, hafsikod (tsohon kayan kiɗa mai kama da fiyano) da muryoyin mawaƙan coci, wato salon barok na zamanin Bach.

To me ya kai jaz can? Ai zamaninsu ba ɗaya ba ne.

Ba ɗaya ba ne kam. Labarin Super Castlevania IV yana faruwa a 1691, na Symphony of the Night kuma a ƙarshen ƙarni na 18, alhali jaz bai bayyana ba sai farkon ƙarni na 20 a New Orleans, kuma faifansa na farko ya fito a 1917. Amma masu tsara kiɗan ba tarihi suke bi ba, abin da ke kunnensu suke rubutawa. Matasan Japan ne na shekarun 1980, lokacin da ƙungiyoyin fiyushon, wato haɗin jaz da rok, irin Casiopea da T-Square suke tashe, kuma kibod ɗin Yamaha DX7 na 1983 ya cika situdiyo. Wanda ya koyi Bach a makaranta ya kuma kwana da waɗannan faifai, duka biyun za su fito daga yatsunsa.

Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi, kuma yana cikin kiɗan kansa. Barok da jaz suna amfani da kayan gini iri ɗaya. A duka biyun bas ba ya zama wuri ɗaya, takawa yake yi sauti bayan sauti. A duka biyun kod, wato sautukan da ake bugawa tare, suna zagayawa da tazarar biyar-biyar. Ɗan Faransa Jacques Loussier ya nuna haka tun 1959, lokacin da ya riƙa buga kiɗan Bach da fiyano, bas da ganguna.

Ku nuna wannan dangantaka a kan kibod.

Zauna a A maina, wato sikelin A mai ɗanɗanon baƙin ciki. Buga waɗannan a jere: Am, Dm, G, C, F, Bdim, E, Am. Da muryar hafsikod, barok ne tsantsa. Yanzu ƙara wa kowanne sauti na bakwai: Am7, Dm7, G7, Cmaj7, Fmaj7, Bm7b5, E7, Am. Sauya murya zuwa fiyano. Ba ka taɓa tsarin ba, amma ka shiga jaz.

Ga wanda ya fi ban mamaki. Kod ɗin da ogan ke dannawa idan ana son tsikar jiki ta tashi shi ne G#, B, D, F. Riƙe su da hannun dama, ka sa E a ƙasa da hannun hagu. Abin da ya fito shi ne E7b9, kod ɗin da masu jaz ke bi kullum don komawa gida a A maina. Sautuka huɗun nan ba su canja ba. Bas ɗin da ke ƙarƙashinsu ne yake yanke hukunci ko coci kake ko gidan rawa. Shi ya sa kiɗa ɗaya zai iya zamewa daga wannan salo zuwa wancan ba tare da an ji wurin ɗinki ba.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin D da G#, wadda Turawan zamanin da suka yi wa laƙabi da shaiɗanin kiɗa saboda rashin kwanciyarta a kunne. Masu jaz sun mai da ita abin aiki: tun da Bb7 ma yana ɗauke da waɗannan sautuka biyu, sai su sa shi a madadin E7, bas ya gangaro B, Bb, A.

Akwai jaz a wasannin farko na Famicom da NES?

Kaɗan ƙwarai, kuma a nan mutane suka fi yin zuƙi. Castlevania na farko, wanda ya fito a Japan a 1986 da kiɗan Kinuyo Yamashita da Satoe Terashima, rok ne da barok. Haka "Bloody Tears" na Kenichi Matsubara a wasa na biyu, 1987. Akwai tsallake bugu a cikinsu, akwai bas mai motsi, amma wannan kaɗai bai mai da kiɗa jaz ba.

Na'urar ma, wadda Nintendo ta kira Famicom a Japan, NES a Amurka da Turai, ba ta ba da fili ba. Cip ɗin sautinta muryoyi biyar gare shi: biyu masu kaifi don karin waƙa, ɗaya mai laushi da ake ba bas, ɗaya ta shuu don ganguna, ɗaya ta gajerun samfura. Uku ne kawai ke rera sauti sosai, alhali kod ɗin jaz yana son huɗu ko biyar. Muryar bas ɗin kuma ba a iya rage ƙarfinta ko ƙara shi, ko dai tana kunne ko tana kashe, don haka ba za ta iya kwaikwayon yatsan da ke fizgar tsirkiya ba.

Castlevania III na Japan, 1989, ya zo da cip ɗin VRC6 a cikin kaset, wanda ya ƙara muryoyi uku. Kod suka yi kauri, bas ya yi nauyi, ƙamshin fiyushon ya fara fitowa. NES ta Amurka da Turai ba ta karɓar ƙarin sauti daga kaset, saboda haka aka sake matse kiɗan cikin muryoyin asali. Idan kana son jin abin da aka tsara tun farko, nemi na Japan.

A ina jaz ya fito fili ke nan?

A Super Castlevania IV, 1991, aikin Masanori Adachi da Taro Kudo. Je mataki na uku, inda ake ratsa kogo, a hau ta gefen ruwa mai zubowa, a isa rusasshen birnin da ruwa ya ci. Kiɗan wannan birni, "The Submerged City", shi ne shaidar da ba a gardama a kanta: bas irin na katako yana yawo, fiyano yana jefa kod a wuraren da ba a zata ba, sarewa tana gudu kamar mai busa yana ƙirƙira nan take. A wasan da ake kashe ƙwarangwal da bulala, a lokacin wannan ƙarfin hali ne.

Abin da ya ba su dama shi ne sashen sautin Super Nintendo, wanda Sony ta ƙera. Muryoyi takwas ne, kowacce tana buga samfurin kayan kiɗa na gaske. Matsalar ita ce wuri: kilobait 64 kacal, kuma a ciki ne manhajar kiɗan, rubutun kiɗan, samfura da amsa-kuwwa za su zauna. Matsewar da na'urar ke yi tana mai da ɗigon sauti 16 zuwa bait 9, don haka daƙiƙa ɗaya a cikakken inganci tana cin bait 18,000. Amsa-kuwwa tana cin kilobait 2 a kowace milisakan 16, mafi tsawonta milisakan 240, wato kilobait 30, kusan rabin wurin.

Wannan ƙunci ya yi wa ƙaramar ƙungiyar jaz daɗi. Bas na katako da fiyano sauti ne da ke bugawa ya mutu, gajeren samfuri ya ishe su. Sarewa kuwa sautinta mai sauƙi ne, ana yanko ɗan guntu a riƙa maimaita shi. Saksofon ne ke wahala, domin daɗinsa yana cikin numfashi da lanƙwasar kowane sauti, kuma guntun samfuri ba ya riƙe wannan. Na'urar tana kuma dushe kaifin sauti, abin da ya ba kiɗan wannan duhu mai ɗumi da mutane ke tunawa.

Symphony of the Night fa?

Nan mai tsara kiɗan, Michiru Yamane, ta samu sarari. Wasan ya fito a PlayStation a 1997, kuma tun da faifan CD ne, ana iya naɗar kiɗa a situdiyo a riƙa kwararo shi daga faifan, babu ƙidayar muryoyi. Sai ta ba kowane sashe na fadar salonsa. Laburare ya samu hafsikod a "Wood Carving Partita". Hasumiyar agogo ta samu gitar rok. Kogon ruwa na ƙarƙashin ƙasa ya samu "Crystal Teardrops", inda bas ne ke jan ragama, fiyano yana ɗigowa a kansa. Filin dambe ya samu "Wandering Ghosts", gita mai ɗanɗanon Latin a kan ganguna masu rausaya.

Lura da inda aka ajiye jaz a wasannin biyu: ruwa, kogo, ƙarƙashin ƙasa. Ƙofar fada da faɗan manyan dodanni an bar wa rok da ogan. A ganinmu wannan ne sirrin. Jaz yana shigowa lokacin da aka daina kora ka, aka bar ka kana yawo kai kaɗai, ba ka san abin da ke gaba ba. Kod mai sauti na bakwai da na tara ba ya sauka gida sosai, kuma wannan rashin sauka shi ne yanayin mai yawo a kogo.

Waƙar rufe wasan, "I Am the Wind", wadda Rika Muranaka ta tsara kuma Cynthia Harrell ta rera, tana da saksofon mai santsi irin na rediyon shekarun 1990. Masoya wasan sun rabu a kanta har yau, kuma an cire ta a wasu fitowar baya. Yamane kuwa ta nuna iyakar hannunta a jaz a wasan Skullgirls na 2012.

Rondo of Blood da Bloodlines suna cikin lissafi?

Da ƙyar. Rondo of Blood, 1993, a PC Engine, yana da kiɗan CD mai haske, bas mai mari da kibod masu ƙyalli, wato kiɗan pop da fiyushon na Japan. Bloodlines, 1994, a Mega Drive, shi ne Castlevania na farko da Yamane ta yi, kuma ya fi karkata ga barok. Cip ɗin Yamaha YM2612 na wannan na'ura, mai muryoyi shida, gwani ne wajen ogan, ƙararrawa da fiyanon lantarki, amma bas na katako da burushin ganga ba sa fitowa da kyau a cikinsa.

Ban da Castlevania, ina za a duba?

Gabriel Knight: Sins of the Fathers na kamfanin Sierra, 1993, wanda Jane Jensen ta rubuta, Robert Holmes ya yi wa kiɗa. A nan jaz ba baƙo ba ne, domin labarin a New Orleans yake, kuma akwai makaɗan titi a dandalin Jackson Square da ɗan wasa ke ratsawa. Labarin ya bi sawun bautar vudu har Jamhuriyar Benin. Garin kansa ya daɗe da haɗa mutuwa da wannan kiɗa: a jana'izarsu ta gargajiya ana raka gawa da taken baƙin ciki, a dawo da mai zafi.

The 7th Guest, shi ma 1993, gidan fatalwa ne, kuma George Sanger ya rufe shi da waƙa irin ta gidan rawa. Grim Fandango na LucasArts, 1998, ya fi su duka yawan jaz, Peter McConnell ya cika shi da ƙahonni da bibof, wato jaz mai sauri, sai dai duniyarsa ta bikin matattu na Meziko ce da finafinan 'yan sandan ciki, ba gotik sosai ba. A 2015 aka sake fitar da shi, ƙungiyar makaɗan Melbourne ta sake naɗar wasu sassan.

Yaya zan bambance jaz na gaske da abin da ya yi kama da shi?

Saurari bas tukuna, ka manta da karin waƙar. Idan yana maimaita sauti ɗaya sau takwas a gaɓa, rok ne. Idan yana taka sauti dabam a kowane bugu, yana kuma shiga kod na gaba ta rabin mataki daga sama ko ƙasa, ka kama hanya. Sannan ka saurari yadda aka raba bugu: biyu daidai wa daida, ko na farko dogo na biyu gajere? Wanda ya taso da kiɗan kalangu ba zai sha wuya ba a nan, don kunnensa ya saba da bugun da ke rabuwa uku. Daga nan ka duba ko kod suna da sauti na bakwai da na tara, da kuma ko akwai wurin da kayan kiɗa ɗaya ya bar karin ya yi yawonsa.

Alama ɗaya ba ta isa ba. Barok ma yana da bas mai taku, fiyushon kuma sau da yawa ba ya rausaya ko kaɗan. Jin saksofon shi ne mafi raunin hujja.

Na saurara a waya ban ji bas ɗin da kuke ta magana ba. Me ya faru?

Lasifikar waya ce. Tsirkiyar ƙasa ta bas na katako tana kan hez 41, ƙaramar lasifika kuwa ba ta fitar da komai a can. Rabin jaz ɗin ya ɓace ke nan. Sa abin kunne.

Idan kiɗan ya yi nauyin jiki, duba ko fitowar Turai kake bugawa. Talabijin ɗin Japan da Amurka suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai sau 50, kuma tsofaffin wasanni da wannan suke ƙidayar lokaci. Wanda ba a gyara ba yana rage gudu da kashi ɗaya cikin shida. A wasannin kwamfuta kuma katin sauti ne ke yanke hukunci: kiɗan da aka tsara a kan Roland MT-32 ko Sound Canvas yana komawa siriri a kan AdLib. A ScummVM, manhajar buga tsofaffin wasannin kwamfuta, zaɓi na'urar MIDI da ta dace kafin ka ce kiɗan ba shi da daɗi.

Ta hanyar halal, Castlevania Anniversary Collection na 2019 yana ɗauke da wasanni ukun farko, na huɗu da Bloodlines. Symphony of the Night ya fito a Android da iOS a 2020.

Ina son haɗa irin wannan kiɗa a manhajar FL Studio. Daga ina zan fara?

Sa gudu tsakanin 96 da 120. Ɗauki kayan kiɗa biyar kawai: bas na katako, fiyano, sarewa, ganguna marasa nauyi, da ogan ko muryoyin coci a can baya.

Fara da gaɓa huɗu: Bm7b5, E7b9, sai Am na gaɓa biyu. Rubuta bas, sauti ɗaya a kowane bugu: B, A, G, F, sannan E, G#, B, Bb, sannan A, C, E, F#, ka gangaro ka koma. Wannan Bb ɗin ba ya cikin A maina, kuma shi ne gishirin layin. Kada ka ba sautukan ƙarfi ɗaya. A ma'aunin MIDI mai kaiwa 127, bari su yi yawo tsakanin 75 da 100.

A fiyano kada ka maimaita sautin da bas ya riga ya riƙe. A kan Bm7b5 buga D, F, A. A kan E7b9 buga D, F, G#. Yatsa ɗaya ne ya motsa, da rabin mataki, kuma wannan ƙaramin motsi shi ne abin da kunne ke ji a matsayin duhu. A kan Am gwada C, E, B, ko C, E, F# idan kana son ɗaci, ko C, E, G# idan kana son tsoro ƙarara. Jefa kod ɗin kafin bugu ya sauka, kada ka dasa shi a kan bugu na ɗaya kullum.

Don rausaya, saita layukan allon rubutu a kashi uku na bugu, ka sa sauti a kashi na farko da na uku. Faifan ƙarfe na ƙafa ya rufe a bugu na biyu da na huɗu. Ogan ya riƙe dogon sauti ɗaya ko biyu a sama, a hankali, kamar daga wani ɗaki.

Na bi matakan amma ya fito a cakuɗe. Ina kuskuren?

Galibi ɗayan uku ne. Ko dai ka danna kod a ƙasa da hez 130, inda sautuka masu kusanci ke cin juna, sai ka ɗaga fiyano sama. Ko ka zuba amsa-kuwwa a kan komai har da bas. Yanke duk abin da ke ƙasa da hez 200 daga cikinta, bas ya zauna a bushe. Ko kuma ogan da fiyano suna buga cikakken kod a wuri ɗaya, sai ɗaya ya ja baya.

Akwai na huɗu da ba a cika lura da shi ba: F da F# sun haɗu. Idan sarewa tana bin sikelin da ke da F alhali fiyano yana riƙe da Am mai F#, za su yi karo. Zaɓi ɗaya a kowace gaɓa.

Idan kuma kiɗan ya fito da fara'a maimakon duhu, rausayar ta yi yawa ko gangunan sun cika surutu. Rage gudu, cire rabin bugun ganga, ka bar gaɓa guda babu karin waƙa.

A tiraka, manhajar rubuta kiɗa layi-layi, irin FamiTracker ko Furnace, yaya ake rausaya?

Da lissafin firem. A sau 60 cikin daƙiƙa, bugu mai firem 24 yana ba da gudun 150. Raba bugun layi biyu, ka riƙa sauya saurin layi: 16 da 8 yana ba da biyu bisa ɗaya, cikakkiyar rausaya, 15 da 9 ta fi laushi, 14 da 10 ta fi dacewa da kiɗa mai sauri, domin makaɗan jaz ma suna daidaita rabon idan gudu ya ƙaru. Jimillar kada ta canja, in ba haka ba gudun kiɗan zai riƙa tangaɗi.

Da muryoyi uku, ba bas tushen kod, murya ɗaya karin waƙa, ɗayar kuma sauti na uku ko na bakwai, don su ne ke faɗin sunan kod. Na biyar a bar shi. Dabarar juya sautuka uku da sauri a murya ɗaya tana aiki, amma tana kawo kirari irin na wayar tarho wanda ke kashe yanayin kogo, don haka a yi ta a gajeren wuri. Tun da muryar bas ba ta da ƙarfi da rauni, yanke kowane sauti firem biyu ko uku kafin na gaba, wannan ɗan shiru shi zai maye gurbin fizgar yatsa.

Zan iya ɗora nawa a YouTube?

Idan karin waƙar naka ne, babu damuwa, jerin kod ba mallakin kowa ba ne. Idan ka sake buga karin wani wasa, ko ka ciro samfura daga kaset ɗinsa, haƙƙin yana hannun kamfanin, kuma ana iya karɓe kuɗin tallan bidiyon ko a sauke shi. Sayar da irin wannan a dandalin kiɗa yana buƙatar lasisi.

Salon ya mutu da waɗannan na'urori?

A'a, sai dai ya rage gudu. Kiɗan Angelo Badalamenti na shirin Twin Peaks a 1990 da ƙungiyar Jamus Bohren & der Club of Gore sun buɗe wani reshe na jaz mai tafiyar hawainiya, burushi a kan ganga, saksofon can ƙasa, dogon shiru tsakanin kod. Sabon Alone in the Dark na 2024, wanda labarinsa ke Louisiana, ya ɗauko Jason Köhnen na The Kilimanjaro Darkjazz Ensemble don irin wannan sauti. Yamane kuma ta koma fada mai duhu a Bloodstained: Ritual of the Night na 2019, tare da Koji Igarashi, wanda suka yi Symphony of the Night da shi.